PewDiePie da sana'ar barkwanci da wasan bidiyo: inda kuɗin yake da inda ramin yake

A watan Satumba na 2010 wani ƙaramin kamfani a ƙasar Suwidin, Frictional Games, ya saki wani wasan kwamfuta mai suna Amnesia: The Dark Descent. Tsarinsa ya saɓa wa abin da aka saba. Ba a ba ka bindiga, ba a ba ka takobi. An jefa ka cikin wani tsohon gidan sarauta mai duhu da fitila a hannu, man fitilar kuma yana ƙarewa. In dodo ya biyo ka, iyakarka ka ruga ko ka shige kabad ka ja ƙofa. In ka daɗe a duhu, hankalin mutumin da kake juyawa sai ya fara gushewa, allo ya kama rawa. Wasa ne na tsorata mutum ɗaya da ke zaune shi kaɗai da daddare. Amma abin da ya yaɗa sunansa a duniya wani abu ne dabam, wato kallon fuskar wanda ake tsoratawar.

Felix Kjellberg, haifaffen birnin Gothenburg a watan Oktoba na 1989, ya buɗe tasharsa ta PewDiePie a YouTube a ƙarshen Afrilu na wannan shekara ta 2010, lokacin yana ɗalibi a jami'ar fasaha ta Chalmers. Bidiyoyinsa na farko na wasannin Minecraft ne da Call of Duty, kuma babu abin a zo a gani a cikinsu. Ya bar jami'a a 2011, ya yi aiki a wata rumfar sayar da abinci don ya riƙe kansa. An fi yaɗa cewa saboda YouTube ya bar karatu, amma shi da bakinsa ya musanta daga baya, ya ce kwas ɗin ne bai kwanta masa ba. Amnesia ce ta fito da shi. A Yuli 2012 mabiyansa suka kai miliyan 1. A Agusta 2013 ya ture tashar Smosh ya zama na ɗaya a duniya, kuma ya shafe fiye da shekara biyar a kan wannan kujera, in ban da wani ɗan gajeren lokaci a ƙarshen 2013.

Wanda bai san harkar ba zai ce sa'a ce kawai: yaro ya zauna yana ihu a gaban kyamara, kuɗi suna zubowa. Akwai sa'a a ciki, babu shakka. Sai dai kowane mataki na rayuwarsa a wannan sana'a yana da dalilin da za a iya nunawa da yatsa, kuma abin da ya ɗaga shi shi ne ya kusa kayar da shi.

Abin da ake sayarwa

Felix bai taɓa zama gwanin wasa ba, bai ma yi da'awar haka ba. Wasan a wurinsa kamar ganga ce a wurin ɗan kama: tana ba shi kiɗan da zai hau, amma shi aka zo kallo. A cikin Amnesia ya ɗauki kayan ɗaki ya mayar da su mutane. Wani ɗan gunki mai ruwan zinare ya raɗa masa suna Stephano ya ba shi murya, kujera ta zama aboki, gangunan katako suka zama abokan gaba da yake zargi da kowace masifa. Wannan dabara tana toshe babbar ɓarakar da ke cikin sana'ar. Wasan ban tsoro yana iya ɗaukar minti goma ana yawo cikin lungu babu abin da ya faru, kuma shiru na daƙiƙa ashirin ya isa mai kallo ya tafi. Wanda ya ƙirƙiri abokan hira daga kujera da ganga ba zai rasa abin cewa ba. Ƙari a kan haka, Amnesia ta bai wa jama'a damar ƙera nasu labaran a cikinta, don haka bayan ya gama ainihin wasan sai ya samu sababbin gidajen tsoro kyauta, babu iyaka.

Daga nan ya koma wasannin da ake kira masu karyayyen tsari, irin su Happy Wheels da Surgeon Simulator da Goat Simulator, inda jikin mutum ko na akuya ke wulwulawa ta hanyar da ba ta dace da hankali ba. Dalilin zaɓen a fili yake. Dariya tana bukatar abin ba-zata, kuma irin waɗannan wasanni suna samar da shi duk bayan 'yan daƙiƙoƙi ba tare da mai wasan ya tsara komai ba. Wasa mai dogon labari, mai yawan maganar 'yan wasa, yana takura mai barkwanci: in ya yi magana ya danne labarin, in ya yi shiru ya zama ɗan kallo kamar kowa.

Hanyar ba ɗaya ba ce. Evan Fong na Kanada, mai tashar VanossGaming, ba ya cika nuna fuska. Yana tara abokai su yi ta shirme a cikin Garry's Mod ko Grand Theft Auto V, sannan ya tsinci wuraren da suka fi daɗi ya haɗa. Jason Gastrow na Amurka, wato videogamedunkey, yana tsara maganarsa ya ɗora a kan hoton wasan, barkwancinsa na cikin jerin kalma da wurin yanka. Hanyar Felix ita ce mafi arha da sauri a cikin ukun: mutum ɗaya, kyamara ɗaya, martani nan take. Wannan arha da saurin za su yi muhimmanci nan gaba.

Yadda ake haɗa bidiyon

Abin da mai kallo ke gani kamar abu ɗaya, a gaskiya abu uku ne aka ɗauka daban: hoton wasan da sautinsa, hoton fuska, da muryar mai magana. A kwamfuta yawanci ana ɗaukar allo da manhaja irin OBS Studio, wadda kyauta ce. In a PlayStation ko Xbox ake wasan, sai an sa wata 'yar na'urar kama hoto tsakanin injin wasan da kwamfuta ta wayar HDMI. Ana ɗauka a tsabtar hoto ta 1080p, hoto 60 a daƙiƙa, domin a 30 motsi mai sauri yakan yi kamar yana tsalle.

Kuskuren farko da sababbi ke yi shi ne su bar murya da sautin wasa su shiga layi ɗaya. In an yi haka, duk lokacin da fashewar wani abu a wasan ta danne maganar da ita ce abin dariyar, babu gyara. A layi daban kuwa, edita zai rage sautin wasan a daidai wurin, ya ɗaga muryar. Dole kuma a sa abin kunne, in ba haka ba sautin sifika zai koma cikin makirfo ya yi amsa-kuwwa. Na biyu shi ne ihu. Mai barkwancin tsoro yana tashi daga raɗa zuwa kururuwa cikin ƙiftawar ido. In an buɗe makirfo sosai don a ji raɗar, kururuwar za ta wuce iyakar da na'urar ke iya ɗauka, sauti ya fashe ya zama ƙara mai cizon kunne, kuma abin da ya fashe a ɗauka ba ya gyaruwa. Maganinsa a saita makirfo yadda magana ta yau da kullum za ta tsaya wajen 12 dB (ma'aunin ƙarfin sauti) ƙasa da iyaka, sannan a sa matattarar sauti mai danne abin da ya yi sama. Na uku shi ne saɓanin baki da murya. Wasu na'urori, musamman wayoyi, suna canza yawan hoton da suke ɗauka a daƙiƙa gwargwadon nauyin aiki. A farkon bidiyo ba a lura, amma bayan minti arba'in sai a ga baki ya motsa, muryar ta biyo baya. Shi ya sa ake kafe adadin hoton kafin a fara, a kuma tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara don edita ya samu alamar da zai daidaita layukan uku a kanta.

Dariyar kanta a wurin editin ake ƙera rabinta. Ana iya ɗaukar awa biyu a fitar da minti goma. Ana cire duk wurin da babu magana kuma babu abin da ya faru. Ana yankewa da zarar maganar dariya ta faɗi, domin daƙiƙa biyu na ƙari suna kashe ta. Ana matso da hoto kan fuska a daidai lokacin razana, amma in an yi haka sau ashirin a bidiyo ɗaya sai ya daina aiki. YouTube tana bai wa mai tasha wani zane da ke nuna inda masu kallo suka fara guduwa, daƙiƙa bayan daƙiƙa, kuma asarar da ta fi yawa takan faru ne cikin daƙiƙa 30 na farko. Doguwar gaisuwa da roƙon a bi tasha kafin a nuna komai su ne ke korar mutane. Sannan akwai hoton bango, wanda girmansa ya kamata ya kai ɗigon hoto 1280 a faɗi da 720 a tsayi, da kuma take. YouTube da kanta ta ce rabin tashoshi suna samun tsakanin kashi 2 zuwa 10 cikin 100 na waɗanda aka nuna wa hoton su danna. Buɗaɗɗen baki da zaro ido da suka cika hotunan bangon wannan fanni daga nan suka samo asali, domin fuska mai motsin rai tana fita ko da a ƙaramin allon waya.

Shekarar da iska ta juya

Kafin 2012, YouTube tana fifita bidiyon da aka fi dannawa. Wannan ya haifi masu yaudara da take da hoto, mutum ya danna ya ga ba haka ba ne ya fita. A 2012 sai kamfanin ya canza ma'auni ya koma kan lokacin da aka ɓata ana kallo. Wannan canji ɗaya ya raba arziki a dandalin. Mai zanen katun da ke shafe wata guda yana haɗa minti uku ya shiga uku. Mai buga wasa kuwa, zaman yini ɗaya zai ba shi kashi huɗu ko biyar masu minti goma sha biyar-biyar, kowanne yana jan mai kallo zuwa na gaba. Felix yana da ainihin irin kayan da sabon ma'aunin ke nema, kuma yana sakinsu kusan kullum. A cikin 2013 kaɗai ya tashi daga mabiya wajen miliyan 3.5 zuwa kusan miliyan 19.

Akwai wani zaɓi da ba a cika ambata ba: harshe. Mutanen Suwidin wajen miliyan 10 ne. Da ya tsaya a harshensu, da rufin ɗakinsa ya yi ƙasa. Da Turanci ya yi, Turancin da ke da karin harshen baƙo, kuma barkwancinsa na ihu da fuska ba ya bukatar mai kallo ya iya Turancin sosai. Yaro a Brazil ko Indonesiya zai yi dariya a wuri ɗaya da yaro a Ingila.

Kamfanonin wasa sun rabu biyu a kan lamarin. Ƙananan sun gane cewa bidiyo ɗaya daga wurinsa ya fi musu duk tallan da za su iya saya. Har manya sun shaida: a 2014 sai da kamfanin EA ya sake buga kwafin Skate 3, wasan da ya fito tun 2010, saboda masu YouTube, ciki har da shi, sun farfaɗo da kasuwarsa. Nintendo kuwa ta bi ta wata hanya. A 2013 ta fara karɓe kuɗin tallan bidiyoyin da ke nuna wasanninta, a 2015 ta kafa wani tsari na raba kuɗin da masu tasha, ba ta janye shi ba sai a ƙarshen 2018. Wannan yana tuna mana cewa hoton wasa mallakar kamfanin da ya yi shi ne. Duk sana'ar tana tsaye ne a kan haƙurin masu haƙƙin mallaka, kuma ranar da suka ga dama suna iya janye tabarmar. Kiɗan da ke cikin wasa ma tarko ne: na'urar Content ID tana gane waƙa ko da daga rediyon motar cikin wasan take fitowa, sai kuɗin bidiyon gaba ɗaya ya koma wurin mai waƙar. Ƙwararru sukan kashe kiɗan wasan tun kafin su danna ɗauka.

Lissafin kuɗin

A kan dogon bidiyo, YouTube tana riƙe kashi 45 cikin 100 na kuɗin talla, mai tasha ya ɗauki 55. Amma adadin da mai talla ya biya ba shi ne ke shiga aljihu ba. A ɗauki misali don lissafi kawai: mai talla ya biya dala 8 a kan kowane nuni dubu. Kason mai tasha dala 4.40 ne. In rabin masu kallo ne kawai aka nuna wa talla, saboda wasu sun toshe shi, wasu kuma babu tallan da ya dace da su, to ya koma dala 2.20 a kan kallo dubu. Kallo miliyan ɗaya ya ba da dala 2,200. Farashin yana hawa a watannin ƙarshen shekara lokacin sayayyar Kirsimeti, ya faɗi a Janairu. Ya kuma danganta da ƙasar mai kallo, ba ƙasar mai tasha ba. Kallo daga Amurka ko Jamus ya ninka kallo daga Najeriya ko Indiya a daraja, saboda abin da masu talla ke biya a can. Wannan ne ya sa tashar barkwanci ta Hausa mai yawan masu kallo takan samu abin da bai kai na ƙaramar tashar Turanci ba. Sannan tun 2021 Google, mai YouTube, tana cire harajin Amurka daga kuɗin da aka samu ta masu kallon Amurka, har zuwa kashi 30 ga mazauna ƙasashen da ba su da yarjejeniyar haraji da ita, Najeriya kuwa tana cikinsu.

Tsawon bidiyo ma kuɗi ne ya tsara shi. Shekaru da dama sai bidiyo ya kai minti 10 kafin a iya sa talla a tsakiyarsa, shi ya sa aka yi ta ganin bidiyoyi masu minti goma da 'yan daƙiƙoƙi, an ja su kamar roba. A Yuli 2020 aka rage zuwa minti 8.

Fannin wasan bidiyo ba ya cikin masu tsadar talla, domin yawancin masu kallonsa matasa ne marasa kuɗin kashewa. Yawa ne ya cike wa Felix wannan giɓi. A Satumba 2015 tasharsa ta zama ta farko da ta kai kallo biliyan 10. Mujallar Forbes ta ƙiyasta ya samu dala miliyan 12 a lissafinta na 2015, da miliyan 15 a na 2016, kafin haraji. Ba duka daga talla ba. A Disamba 2012 ya shiga ƙarƙashin Maker Studios, ɗaya daga cikin kamfanonin dillanci da ke tara tashoshi su nemo musu talla su ɗauki kaso, kuma a 2014 Disney ta sayi Maker a kan dala miliyan 500. Ya fitar da littafi da wasan waya a 2015, wani wasan wayar a 2016, ga kuma shiri na musamman a sashen YouTube na masu biya. Akwai kuma tallan da kamfani ke biyan mai tasha kai tsaye. A 2016 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta tuhumi Warner Bros da biyan masu YouTube su yabi wani wasanta ba tare da an bayyana wa masu kallo yadda ya kamata ba. An ambaci sunan Felix. Ya rubuta cewa an biya shi, amma a can ƙasan bayanin bidiyon inda sai an danna kafin a gani. Tun daga lokacin ƙa'idar ta ƙara tsauri: a faɗa da baki, a kuma danna alamar tallan biya.

2017

Ɗan kama a kasuwa yana kallon idon jama'a. In ya yi wata magana ya ga dattijo ya ɗaure fuska, nan take ya san ya taka iyaka, sai ya karkata. Yana kuma san garin da yake, da abin da ake ɗauka wasa a can. Mai barkwanci a YouTube yana magana ne da gilashin kyamara a ɗaki shi kaɗai, abin da ke dawo masa lambobi ne, lambobi kuwa ba sa bambance dariya da kaɗuwa. Ga shi dole ya saki sabon abu gobe. Ihu na ɗari biyar ba ya girgiza kowa kamar na farko, don haka sai a ƙara gishiri. Babu edita na sama da shi da zai ce wannan kada ta fita. Arha da saurin da suka gina tashar, wannan shi ne farashinsu.

Alamar ta bayyana tun da wuri: a 2012 ya nemi afuwa kan yin wasa da batun fyaɗe, ya ce ya daina. Zuwa 2016 ya gaji da ihun, masu kallonsa na farko sun girma, sai ya koma barkwancin taka iyaka. A Janairu 2017 ya yi amfani da shafin Fiverr, inda ake biyan mutane 'yan daloli su yi ƙaramin aiki, ya sa wasu samari biyu suka ɗaga allo mai kiran a kashe Yahudawa. Ya ce nufinsa ya nuna yadda mutane ke yin komai don kuɗi kaɗan. A tsakiyar Fabrairu jaridar Wall Street Journal ta tattaro bidiyoyi tara masu irin wannan wasa ko hotunan 'yan Nazi. Disney ta yanke hulɗa da shi. YouTube ta soke zango na biyu na shirinsa, ta cire shi daga jerin tashoshin da take sayar wa manyan masu talla a farashi mai tsada. Ya yarda ya wuce gona da iri, amma ya zargi jaridar da cire abubuwa daga mahallinsu. Akwai ɗan gaskiya a ƙorafin, sai dai ba ya wanke shi. Wanda ke magana da mutum miliyan 50 ba shi da ikon zaɓar mahallin da za a ji shi, kuma an ga masu aƙidar wariya na gaske suna yi masa tafi a shafukansu.

Bala'in bai tsaya a kansa ba. A daidai wannan lokaci jaridar The Times ta Landan ta nuna yadda tallan manyan kamfanoni ke fitowa a kan bidiyoyin masu tsattsauran ra'ayi, a Maris kamfanoni da yawa suka janye tallansu daga YouTube. YouTube ta mayar da martani da na'urar tantancewa mai saka wa bidiyo alamar dala mai ruwan ɗorawa, ma'ana talla kaɗan ko babu. Tashoshin wasa sun sha wuya ƙwarai, domin na'urar ba ta iya raba harbi a cikin wasa da harbi na gaske, ga kuma ashar da ta zama gishirin fannin. A farkon 2018 aka kafa sharaɗin mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12 kafin tasha ta fara samun kuɗi. Ƙananan tashoshi da ba su san hawa ba su san sauka ba, su suka fi ɗanɗana kuɗarsu.

A Satumba 2017 ya sake yin wata. Yana watsa wasan PUBG kai tsaye, ya fusata, ya furta kalmar cin zarafin baƙar fata. Baki shi ke yanka wuya, kuma shirin kai tsaye ba shi da almakashi. Kamfanin Campo Santo ya yi amfani da haƙƙinsa na mallaka ya sa aka sauke bidiyonsa na wasansu Firewatch. Haƙurin nan da sana'ar ke tsaye a kansa, ga shi an janye shi a zahiri, ba don ya saci komai ba, don dai ba sa son a ga kayansu a hannunsa.

Abin da ya hana shi nitsewa

Mabiyansa ba su ragu ba, ƙaruwa ma suka yi. Disney da YouTube suna iya janye kwangila, amma masu kallo nasa ne, ba na Disney ba. Ya kuma canza kaya. Ya rage wasa ya koma sharhi kan hotunan ba'a na intanet, da duba abin da magoya bayansa suka aiko ta shafin tattaunawa na Reddit. A fuskar sana'a wannan wayo ne: masu kallo ne ke kawo kayan, su zaɓi wanda ya fi daɗi da ƙuri'unsu, shi kuma ya zauna ya yi martani. Aikin Amnesia ne aka ba wa jama'a.

A 2018 T-Series ta taso masa, kamfanin waƙoƙin fina-finan Indiya wanda duk mai kallon fim ɗin Indiya a ƙasar Hausa ya saba ganin tambarinsa. Ba wani sihiri ba ne. A Satumba 2016 kamfanin Jio ya karya farashin data a Indiya, ɗaruruwan miliyoyin mutane suka hau intanet, kuma T-Series tana da rumbun waƙoƙi da ma'aikatan da ke sakin bidiyo da yawa a rana. Magoya bayan Felix suka mayar da abin yaƙi tsakanin mutum ɗaya da kamfani. MrBeast, wani mai tashar YouTube a Amurka, ya sayi allunan talla a garinsu, wasu suka yi kutse cikin dubban na'urorin buga takarda suna fitar da saƙon a bi tasharsa. Cikin 'yan watanni ya ƙaru da mabiya miliyoyi masu yawa. Sai ranar 15 ga Maris 2019, ɗan ta'addan da ya kai hari masallatai biyu a Christchurch ta New Zealand, inda mutum 51 suka rasu, ya ambaci taken gangamin, wato kiran a bi tashar PewDiePie, a bidiyon da ya watsa. Felix ya ce abin ya tayar masa da hankali, a ƙarshen Afrilu kuma ya roƙi a daina amfani da taken. Ba shi da hannu a harin, amma ya ga yadda wasan da ya saki ya fi ƙarfinsa. T-Series ta riga shi kaiwa miliyan 100 a watan Mayu, shi ya kai a Agusta, mutum ɗaya na farko da ya yi haka. Abin da ya ƙarasa kai shi can ɗin wasa ne: a tsakiyar 2019 ya koma Minecraft, da irin salon nan na raɗa wa dabbobin cikin wasa suna da ƙulla musu labari.

Adadin mabiya kuwa yana ruɗin wanda bai sani ba. Lamba ce mai taruwa, ba ta cika raguwa, ko da mutum ya daina kallo shekaru biyar da suka wuce. YouTube ba ta nuna sabon bidiyo ga duk mai bin tasha; tana gwada shi a kan wasu, in sun danna sun zauna ta faɗaɗa. Shi ya sa tasha mai mabiya fiye da miliyan 100 take iya sakin bidiyon da zai tsaya a miliyan uku ko huɗu. Masu talla na gaske matsakaicin kallon bidiyoyin baya-bayan nan suke dubawa.

Ya ɗauki hutu a farkon 2020, ya sa hannu a kwangilar watsa shiri kai tsaye da YouTube kaɗai a watan Mayu na shekarar, sannan ya fara ja da baya da kansa. A Mayu 2022 ya bar Brighton ta Ingila ya koma Japan da matarsa Marzia, wadda ya aura a 2019. A Nuwamba 2022 MrBeast ya wuce shi a wajen mabiya miliyan 111, da wani irin tsari da ya saɓa wa nasa gaba ɗaya: ma'aikata masu yawa, kashe miliyoyin daloli a bidiyo ɗaya, da fassara murya zuwa harsuna daban-daban. Abokan tafiyarsa kowa ya nemi ƙafa ta biyu. Seán McLoughlin na Ireland, wato Jacksepticeye, wanda Felix ya ambata a wata gasa a 2013 har tasharsa ta tashi, ya kafa kamfanin kofi. Jason Gastrow, mai videogamedunkey, ya kafa kamfanin buga wasanni, Bigmode, a 2022, wanda ya fitar da Animal Well a 2024. Felix kuwa an haifa masa ɗa a 2023, yana sakin bidiyo lokacin da ya ga dama, wani kan zaman Japan, wani kan koyon zane, a 2025 kuma kan yadda ya cire Windows daga kwamfutarsa ya sa Linux.